Bindigar Italiya da Maganar Inna

Na kai shekara arba'in da ɗaya a duniya mahaifiyata ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba. Ni ne ɗan farinta, ita kuma 'yar zamanin da ce, irin masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Sunana bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Ina yaro "wancan" take ce mini, da na kama aikin gwamnati sai na koma "mutanen Kano", sai ka ce ni kaɗai gari ne. In tana da saƙo ƙanwata take faɗa wa, ko da ina tsugune a bakin ƙofa ina jinta, ƙanwar ta juyo ta maimaita mini. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Haka na taso na tarar ana yi a garinmu.

Sau ɗaya tak ta karya wannan al'ada, wata Lahadi, a gidana na Nassarawa GRA. Amma kafin in kai nan sai na bi ta kan bindigogi, don su suka shiga tsakani.

Lokacin ne kuɗin mai ya ɓalle wa ƙasar nan. Wanda jiya yake kan keke yau ya sayi mota, mai mota kuma ya rasa abin da zai saya. Ni ina ma'aikatar ayyuka, an ƙara mini girma, an ba ni gidan da wani Bature ya bari, mai faffaɗar baranda da itatuwan mangwaro. Akwai wani kamfanin Italiyawa da ke shimfiɗa mana tituna, ta hannunsu bindigogin farauta na ƙasarsu suka fara shigowa unguwar. Kafin ka ce kwabo, duk wani Alhaji mai ji da kansa ya yanki lasisi ya yi odar tasa. Mafi yawansu wallahi ko ƙadangare ba su taɓa harbi da danƙo ba.

Ni kuwa a hannun baffana maharbi na taso, da bindigar toka na koyi kakkaɓo zabi da fakara. Ga shi Allah ya yi ni da bakin da ba ya ɓoye-ɓoye. Sai ya zamana duk wanda tasa ta iso, kafin ya nuna wa matarsa sai ya kawo ta barandata in yanke mata hukunci, har suka laƙaba mini alƙali. In na ce bindiga ta yi, mai ita ya kwana uku yana murmushi. In na ce ba ta yi ba, sai ya nemi wani ɗan'uwansa a Tudun Wada ya ɗora masa.

Ina da ƙa'idata. Ba na fara duban zanen da ke jikin ƙarfen, don Italiyawa sun iya yaudarar ido: agwagi, furanni, kare ya ɗaga ƙafa, duk an sassaƙa. Na sha gaya wa Alhazan nan zanen agwagwa bai taɓa kashe agwagwa ba. Karya ta nake fara yi, wato in buɗe ta daga mahaɗa, in leƙa cikin bakin ta wajen hasken rana in ga ko ya miƙe sumul. Sai in ɗora ta kan yatsa biyu daidai mahaɗa. Ta kirki za ta tsaya cak, ba ta rinjaya gaba, ba ta rinjaya baya. In duba icen gindin, in jijiyarsa ta bi tsawo to zai daɗe, in ta gitta to wata rana zai tsage a hannun mai shi. Daga nan in rufe ta a hankali kusa da kunnena. Ta gaske sau ɗaya take cewa ƙas, ta yi shiru. Wadda aka yi a gaggauce sai ka ji wata 'yar ƙara ta biyo baya. Rabin hukuncina da kunne nake yanke shi.

A ra'ayina har gobe, cikin masu baki biyu, wadda bakinta ke ɗaya kan ɗaya ta fi wa mai koyo, don ido layi ɗaya yake bi. Mai baki a jere ta fi daɗin ɗauka a jeji, amma tana zafi da wuri ta ƙona maka yatsu. Ita kuwa mai cin harsashi biyar da samarin Alhazai ke rububi, tir! Ka ba ta harsashi mai araha ta shaƙe, ka yi mako ba ka goge ta ba ta yi yaji.

Tarkacen da ke biyo su kuwa, abin dariya ya fi yawa. Akwatin fata mai jan ƙyalle a ciki, damina ɗaya ya yi fumfuna. Jigidar harsashi da cikin Bature aka auna ta, ba ta zagaya tumbin Alhaji sai an kai wa baduku ya yi mata ƙari. Abu ɗaya na yaba, wata 'yar na'ura mai cilla faifan yumɓu sama, kai kuma ka bi shi da harbi. Ita ta raba mu da yawon jeji. Kowace Lahadi da hantsi sai mu ɗunguma wani ƙaton rami bayan Tudun Murtala, inda kamfanin ya ɗebi jar ƙasa, lokacin wajen duk gonaki ne. Ramin ya yi mana daidai, harsashi ba ya fita ya sami kowa. Sai dai ƙarar ma ba ta fita, bango take bugawa ta dawo maka cikin kai.

A cikin tarkacen akwai abin toshe kunne. Wasu ƙoƙuna ne guda biyu masu laushi a ciki, da ƙarfe da ya haɗa su ta saman kai. Wani tsohon foman na kamfanin, ɗan Italiya mai jan wuya wanda sai an yi masa ihu yake ji, shi ya ba ni nawa da hannunsa. Ya ja kunnensa ya ce da 'yar Hausarsa, "Mota akwai safaya. Wannan babu safaya." Muka yi dariya. Matsalar abin ita ce ba ya zama kan hula. Sai ka cire ta ka tsaya kai a buɗe a gaban sa'o'inka da na gaba da kai. Haba, wa zai yi? Mutum da girmansa ya tsaya ba hula kamar wanda aka kama da sata a kasuwa? Babu wanda ya taɓa sawa a cikinmu. Nawa yana aljihun mota yana shan zafi.

Su sukan harba biyar ko shida su koma inuwa su buɗe lemo. Ni alƙali kuwa kowace bindiga sai ta bi ta kafaɗata. Kunnen hagu ne ya fara. Wani kuka irin na gyare ya tare a ciki, ba dare ba rana. Bayan kowace Lahadi sai in yi kwana biyu kamar kaina na cikin randa, ranar Laraba ya buɗe. Daga baya na lura kowane buɗewa bai kai na baya ba. Na je wajen likitan kunne a ɓoye, ya gaya mini ba kwana-kwana: ko in bar harbi, ko in riƙa toshewa, ko kuma wata Laraba ta zo bai buɗe ba. Na ce na gode. Lahadi na zagayowa ina cikin rami.

Na iya ɓoyewa. A taro sai in ba shugaba kunnen dama, in kafa wa bakin mai magana ido, leɓe ya cika mini abin da kunne ya zubar. Mai ɗakina kaɗai ta gane, saboda rediyo. Ta ce, "Alhaji, maƙwabta sun ce a gode maka, sun daina sayen batir." Na daka mata tsawa, ba ta sake ba.

A cikin wannan hali aka kawo Inna ganin likita, ƙafafunta na kumbura. Ƙanwata ce ta rako ta. Na sa an gyara mata ɗaki a cikin gida mai na'urar sanyi, ta ce a gaya wa mutanen Kano ita ba nama ba ce da za a sa ta a firji. Ta zaɓi ɗaki a baskwata, ta sa aka fitar da gado aka shimfiɗa tabarma. Safe da yamma in je in tsuguna a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa wa bango. Mako uku muna haka.

Ranar Juma'a, saura kwana uku su koma, ƙanwata ta tare ni ina fitowa daga mota.

"Yaya, Inna ta ce kafin ta tafi tana da magana da kai."

"To faɗi mana."

"A'a. Da bakinta ta ce."

Na tsaya riƙe da murfin mota. "Ke, ba na son shashanci."

"Wallahi, Yaya. Ni ma sai da na sa ta maimaita. Ta ce in ta shirya za ta aiko."

Wani daɗi irin na yara ya kama ni, har na ji kunyar kaina. Ban taɓa sanin ina jiran abin nan ba sai ranar. Kuma an yi sa'a, Lahadin da ta wuce ruwa ya hana mu fita, kunnena ya huta, har kukan kurciya nake ji a kan mangwaro. Na yi wa kaina alkawari ba ni ba rami sai Inna ta tafi.

Yammacin Juma'a ba ta aiko ba. Asabar na wuni a baranda, masallaci ma a gurguje nake zuwa in dawo. In ga ƙanwata ta wuce da buta, in ɗaga kai, ta girgiza nata. Tsohuwa na can tana tattara ƙarfin hali, ni kuwa ba ni da haƙuri. Har na fara ƙunƙuni, na ce ƙila ma ta fasa.

Lahadi da hantsi sai ga motoci uku a ƙofar gida. Wani Alhaji ne ɗan kwangila mai kaifin baki, tare da maigidana na ofis, babban sakataren ma'aikatarmu da kansa. Sabuwar bindiga ta iso wa babban sakatare, kuma ya rantse ba zai harba ta ba sai na fara. Na ce ina da baƙi. Ya ce baƙin ai ba guduwa za su yi ba, harbi biyu ne mu dawo. Mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmana yana tsaye a barandata da akwati a hannu. Na shiga mota. Amma na ɗauko abin toshe kunnen na riƙe, na ce yau ko ana ha-maza ha-mata sai na sa.

A ramin mun fi mu goma. Na ɗura harsashi, na kai hannu kan hulata, har na ɗaga ta. Sai Alhajin nan ya buɗe murya, "Jama'a ku matso, yau za mu ga sanƙon alƙali! Ashe duk cika bakin nan tsoron ƙara ake ji?" Aka fashe da dariya, har babban sakatare. Girman kai rawanin tsiya. Na mayar da hulata na danna ta sosai, na ajiye abin a kan mota.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa riƙe bindiga kamar wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Mai baki ɗaya kan ɗaya ce, gajeriya, ba zane ko ɗaya, ƙarfe baƙi wuluk. Kana ɗaga ta take zuwa kafaɗa da kanta. Kunamarta ba ta da wasa, kana taɓawa ta tashi. Faifai na fita yana komawa gari. Aibinta ɗaya, gajartar bakin ta ninka ƙararta, ga harsashin da ya zo da ita mai nauyi ne, na harbin dinya. Harbi biyu ya zama kwalin harsashi guda, kwali ya zama biyu, don kowa na cewa a ƙara. Ni ma ina so, kada in ɗora wa kowa. Da na sauke ta na ga bakuna na motsi, hannuwa na tafi, ba na jin tafin. Na ce musu bindiga ta yi. A ƙirjina kawai na ji muryata.

Muka dawo da azahar. Na ɗiga man zaitun a kunne, na kwanta ta gefe, na toshe hanci na hura, duk a banza. Na ce Allah ya sa Inna ta fasa.

Ana idar da la'asar ƙanwata ta leƙo falo. A leɓenta na karanta: Inna na kira.

Me ya hana in ce a bari sai gobe? Goben da sassafe mota za ta ɗauke su. Kuma tsohuwar da ta kwana biyu tana haɗa ƙarfin hali, ka aika mata ta jira, da wane dalili? Cewa ɗanta ya tafi wasan harbin yumɓu? Na tashi na bi ƙanwata.

Inna na zaune kan tabarma, fuskarta wajen bango, mayafi ya rufe kuncinta. Na tsuguna inda na saba, a bakin ƙofa, taku huɗu tsakaninmu. Ƙanwata ta saki labule ta tafi. Da wani ne, da na matsa kusa na kafa wa bakinsa ido, shi ke nan. Amma ɗan fari ba ya matsawa jikin uwarsa, ba ya kallon fuskarta. Ban taɓa yi ba, jikina ma bai san yadda ake yi ba. Na sunkuyar da kai ina kallon bakin tabarma.

Da motsin mayafin na gane ta fara. Na karkata kunnen dama. Abin da ke iso mini bai wuce gunjin maganar da ake yi a gidan maƙwabta ba, shi ma kukan gyaren ya danne shi. Ita da ma can ba mai ɗaga murya ba ce, balle yau. Sai na koma kallon hannunta. Tana jan wani silin kaba da ya fito daga tabarmar, ta naɗe a yatsa ta warware. Wani lokaci ta dafa ƙasa da tafin hannu. Sau ɗaya ta kai gefen mayafi ga idonta. Ta daɗe tana magana, ta kai tsawon huɗubar Juma'a.

Kalma huɗu ce: Inna, ba na ji. Tana bakina. Amma in na faɗa, na ce mata ke nan duk abin da ta fitar a ƙasa ya zube, ta sake daga farko, da ƙarfi, yadda na tsakar gida za su ji. Kuma sai ta nemi sanin abin da ya sami kunnen. Na ce bari ta ɗan ƙara gaba, ƙila ya buɗe. Tana ƙara gaba faɗin na ƙara wuya.

Sai hannun ya tsaya, mayafin ya daina motsi. Na gane jira take. Na ce, "To, Inna."

Can mayafin ya sake motsawa, gajeriyar magana, ya tsaya. Na ce, "To."

A karo na uku ta juyo. Ta ƙasan ido na ga ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Da na ɗaga kai a lokacin, da na ga leɓenta. Kunya ta danne mini wuya, na ƙara sunkuyawa. Na ce, "To, Inna. In sha Allahu." Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da fuska bango, ta yi mini alama da bayan hannu in tafi.

Na fito. A irin wannan ana zaton ƙirjin mutum zai tsage. Ni babu abin da ya tsage. Jikina ya yi dum, kamar dasashin da aka yi wa allura za a cire haƙori. Na zauna a baranda na cinye tuwona tas, har na nemi ƙarin miya. Da safe na tsuguna na yi musu sallama, ta amsa wa bango, mota ta tashi. Ranar Laraba kunnen dama ya buɗe rabi. Na hagu bai sake buɗewa ba.

Sai na shiga canke. Na ce tsohuwa in ta kira ɗanta ai buƙata ce, zamanin kuma na kuɗi ne, duk abin da ya dame mu da shi muke jifansa. Na aika mota da kwano aka rufe mata ɗaki da na duk gidan. Saƙo ya zo ta bakin ƙanwata: an gode, Allah ya yi albarka. Na sa aka haƙa rijiya a ƙofar gida aka ɗaure ta da siminti. An gode, Allah ya yi albarka. Na nema mata kujerar Makka, likita ya ce ƙafar ba za ta ɗauka ba. Kowanne na yi sai in zuba ido ko za a ce yauwa, abin da ake nufi ke nan. Ba a taɓa cewa ba.

Sau biyu na tafi garin da niyyar in fasa ƙwai. In tsuguna a bakin ƙofa, ɗaki cike da jikoki da 'yan gaisuwa, ƙanwata ta juyo ta ce, "Ta ce ya hanya." In ce lafiya lau. Na riƙa gaya wa kaina rufa mata asiri nake, kada ta san a gaban kurma ta karya kunyar shekara arba'in. Ƙarya nake. Kaina nake rufa wa.

Harbi kuwa ban fasa ba. Duk Lahadi ina rami, ina karya bindigogi ina rufewa kusa da kunnen da ya daina jin ƙas ɗin, in gyaɗa kai in yanke hukunci. Ba wanda ya gane. Sunana ma ƙara tashi ya yi, har daga Kaduna ake kawo mini. Abin ba ya mini daɗi, ba ya ba ni haushi. Ina dai yi.

Wata goma sha huɗu bayan wannan Lahadin Inna ta rasu, ana cikin kaka. Da kaina na shiga kabarin na karɓe ta, idona a bushe. Mutane suka riƙa yabon dauriyata.

Ranar sadakar uku ƙanwata ta ja ni bayan rumbu, inda ba kowa. Ta tsaya a gabana, ina kallon bakinta.

"Yaya, tsakaninka da Allah, me ya hana ka ba ta amsa?"

"Amsar me?"

"Ni na sani? Ta ce abu ɗaya ta tambaye ka ranar nan, har sau uku, ka ce to. Na ce bari in yi maka magana, ta hana. Ta ce a ƙyale shi, babban mutum ne, tunani yake, in ya gama zai aiko. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidan nan sai ta ce in leƙa. In dawo ta ce, mutanen Kano sun aiko da magana? In ce kwano suka aiko. In ce masu rijiya ne. Har ran da bakinta ya fara nauyi sai da ta tambaya." Ta share ido da gefen zane. "Me ta tambaye ka, Yaya? Wace irin tambaya ce shekara guda ba ta ishe ta ba?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba: ramin, hular, bindigar babban sakatare. Na ce ranar kunnena a toshe yake, ko kalma ɗaya ban kama ba. Muryata lafiya lau ta fito, kamar ina karanta rahoto a ofis.

Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da rumbu. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.

"Ni fa, Yaya? Ina tsakar gida ranar, ina tsince shinkafa, ta gabana ka wuce. Da ka ce mini ba ka ji ba, da ta gaya mini na gaya maka. Aikina ke nan tun ina 'yar shekara bakwai."

Aka aiko wai baƙi sun iso daga Kano, 'yan ofis da abokan harbi, suna ƙofar gida. Na fita na zauna a tsakiyarsu kan tabarma. Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ina kallon na kusa da ni, in na ga ya shafa in shafa.